Launin Gulbinmu

Aikina a meri, wato ofishin magajin gari, ta Malanville shi ne ajiyar takardun haihuwa da na aure da na mutuwa. Na yi shekaru ina rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ban taɓa ƙara wa wani shekara ko rage masa ba, ko da ɗan'uwana ne. Na faɗi wannan ne domin a fahimci dalilin da ya sa al'amarin da wasu suka ɗauka na yara ne yake ci mini rai har yau.

Autata tana aji na biyu a lakwal lokacin da wata ƙungiya ta kawo musu littattafan hotuna. Yarinya ce mai son zane tun kafin ta iya magana sosai. Bangon gidana duk gawayinta ne, uwarta ta gaji da gogewa ta bari. Ran nan ta shigo da ɗaya daga cikin littattafan a rungume. Bayan la'asar muka zauna a tabarma, ina karanta Faransancin ina mayar mata da shi Hausa. Labarin wata yarinya ne da ke son zama mai zane, wata tsohuwa kuma ta koya mata abu guda: ta duba da kyau tukuna, sannan ta zana. A tsakiyar littafin akwai hoton gulbi shuɗi mai sheƙi, da jirgin ruwa mai farin ƙyalle. Littafin yana da kyau, ba na ɗora masa laifi. Wanda ya yi hoton, gulbin ƙasarsu ya duba.

A makon nan malaminsu, da suke kira mushe, ya ba su aikin gida: kowa ya zana gulbin garinmu. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya yi jajir kamar kunun jar dawa, yadda yake zuwa kowace shekara. Kawunta ya ɗauke ta a babur zuwa Garou wurin kakarta, ta wuni a bakin ruwa tana kallo. Ta komo da laka a cikin gwangwanin tumatir, domin a alƙaluman launinta babu wanda ya yi daidai da abin da ta gani. Da yatsa ta shafa lakar a kayenta, wato littafin rubutunta, ta jira ta bushe, sannan ta zana kwalekwale a kai, da masunci, da gada can nesa, manyan motoci sun yi layi. Na daɗe ina duban zanen nan. Duk wanda aka haifa a garin nan zai gane wurin.

Kashegari ta dawo daga lakwal. Na ce, "Auta, mi ya samu kayenki?" Sai ta miƙo mini. An ja jan alƙalami daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta sifiri, a ƙasa kuma an sa "ƙazanta". Uwarta ce ta lallashe ta har ta faɗi sauran. Mushe ya tsayar da ita gaban aji, ya ɗaga kayenta a hannu ɗaya, littafin hotuna a ɗayan, ya tambaya, "Ruwa wane launi ne?" Ajin duka suka amsa da murya ɗaya, "Shuɗi!" Ya sa suka maimaita. Da aka tashi, yara suka bi ta suna kiranta "mai gulbin laka" da Dandanci, yaren garin.

Da safe na sa rigata ta aiki na tafi lakwal. Direkta ya karɓe ni da fara'a, ya aika aka kira mushen, saurayi ne mai ladabi a baki. Na ajiye kayen a tebur, na ce, "Mushe, ina roƙon ka mu taka zuwa gada tare, ka nuna mini shuɗin nan."

Ya yi murmushi. "Baba, ba sai mun je ba. Kullum nika ganin gulbin, na san ja ne."

"To, mi ne ne kuskuren ɗiyata?"

"A zane, ruwa shuɗi ne. Haka aka koya muna, haka shike a littahi."

Na ce masa littafin da yake kafa hujja da shi cewa ya yi a duba tukuna a zana, na tambaye shi ko ya karanta wa yaran labarin. Ya ce babu lokaci, hotunan kawai yake nuna musu su kwafa. Direkta ya sa baki: "Malam, ka yi haƙuri. Mai gyaran jarrabawa bai san gulbinka ba. In yaro ya saba da abin da ake so tun yanzu, shi ne alherinsa."

Wato mutum biyu masu ilimi, kowannensu ya san gaskiya, sun zauna gabana suna bayyana mini cewa alherin yaro shi ne ya ƙaryata idonsa. Na ɗaga murya fiye da yadda ya dace da ni. Da direkta ya ga haka, sai ya ɗauki alƙalami ya soke sifirin, ya rubuta maki mai kyau, yana dariya: "Mu da takardunmu ke hannunka, ina mu ina ɓata maka rai?" Wannan ya fi sifirin ƙona ni. Ba su yarda yarinyar ta yi daidai ba, ubanta kawai suka ji wa tsoro. Na ɗauki kayen na fita ban yi sallama ba.

Da yamma a gida na tarar da ita a ƙofar ɗaki, littafin hotunan a buɗe gabanta, tana kwafar gulbin da shuɗin alƙalami, a hankali, ba ta bari ya fita daga layi. Na ce mata an gyara makin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara zuwa lakwal ɗinmu." Gwangwanin lakar kuwa ta zubar da shi a bayan gida.

Daga nan zanenta ya zama mai tsabta ƙwarai. Gidaje masu jan rufi da bututun hayaƙi, itatuwa masu 'ya'yan da ba ta taɓa ci ba, ruwa shuɗi. Mushe ya riƙa manna su a bangon aji. Bangon gidana kuma gawayi bai sake taɓa shi ba.

Da damina ta kewayo, na ɗauke ta muka hau gada da maraice. Ruwa yana gudu a ƙarƙashinmu, ja kamar bara. Na sassauta murya iyakar iyawata, na ce, "Auta, duba ƙasa. Wane launi ne gulbin nan?"

Ba ta dubi ruwan ba. Fuskata ta duba, ta daɗe tana nazarinta, sannan ta ce, "Wanne kake so in ce, Baba?"

Mushen yana nan yana koyarwa. Idan muka haɗu a kasuwa yakan gaishe ni da girmamawa, nakan amsa, domin amsa gaisuwa wajibi ne. Ban yafe masa tambayar nan da Auta ta yi mini a kan gada ba.