Ladanin da Muke Tashi da Muryarsa

Yau wata ɗalibata ta tambaye ni wa ya koya mini kama murya ba tare da piyano ba. Dariya ta kama ni, don na tuna Malam Sule, ladanin unguwarmu a Agege.

A 2001 ne. Ƙungiyar mawaƙan cocinmu ba ganga, ba jita, murya ce zalla. Da yamma muke koyon waƙa, ga masallaci a bayan katanga. Idan Malam Sule ya fara kiran la'asar, sai mu yi shiru. Da ya gama, muryar da ya sauka a kanta nake riƙewa in ta da waƙa. Ba ta taɓa kaucewa ba.

Ana saura kwana uku mu yi waƙa a wani ɗaurin aure, mura ta kama shi. Muryarsa ta yi ƙasa, ni ma na bi shi. Mazan ƙungiyar suka nutse, sai gurnani kamar tsohuwar motar haya ta danfo a kan gada.

Washegari na kai masa zuma da citta.

"'Yata, na mene ne wannan?"

"Baba, ka warke da wuri. Da muryarka muke ta da waƙa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe shekara biyu ina cikin ƙungiyarku ban sani ba. To, kada liman ya ji."

Ranar Juma'a murya ta dawo ras, waƙarmu ta miƙe.

Har yau muryarsa nake ji kafin in ɗaga hannu in ta da waƙa. Ku fa, wa ya koya muku abu bai ma sani ba?