Motar da Aka Sare wa Dawa

Shekaranjiya na bi ta Dawanau zan sayi wake, sai wata tsohuwar mota mai dogon baya ta tsaya a gefena, an danƙare ta da buhuna har gindinta na neman taɓa ƙasa. Direban na buɗe ƙofa wani wari ya buso ni, na fetur da tsohon buhu da kujerar da rana ta gasa. Na yi tsaye sororo. Mai waken ya yi ta zuba, ban ji ko ɗaya ba. Warin motata ta fari ne, ba ragi ba ƙari.

Na hau motoci bayanta, alhamdu lillahi. Wadda nake fita da ita yanzu daga gidana a Rijiyar Zaki har sanyi take hurawa, gilashinta ma da maɓalli ake ɗaga shi. Amma in ka tambaye ni wadda ta fi duka, ba sai na tsaya tunani ba. Waccan ce, mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Kafin ka yi mini dariya, bari in koma da kai ƙauyenmu, don labarin motar nan ya girme ta nesa ba kusa ba.

A wajenmu gona manne take da gona, ba ka samun ko taku ɗaya da aka bari saura. Gidaje a warwatse suke cikin gonakin, kowanne da rumbunansa da ɗorawarsa. Daga titi zuwa ƙofar gidanmu babu hanya sai wata 'yar siririya ta ƙafa, wadda in jaki ya bi da mangala sai ya gogi shuka hagu da dama. Da rani, in an kwashe amfanin gona, ko'ina hanya ce. Da damina kuwa, in dawa ta rufe, muryar mutum za ka fara ji kafin ka ga hularsa.

Kakata, mahaifiyar babana, Iya muke ce mata, ita ce ungozomar unguwar. Ni kuma mijinta ne, irin auren nan na kaka da jika da ba a gama tsiya a cikinsa. In na shiga ɗakinta neman ɗumame sai ta kalle ni sama da ƙasa.

"Oh ni! Miji ko jaki babu. Da me za ka kai ni ganin gida?"

Ganin gidan nan ba duka ne wasa ba. Iya tana da ƙanwa guda a wani ƙauye gaba da Ɗanbatta, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Gidansu na asali masu bin al'adar kakanni ne. Ita aure ya kawo ta cikinmu ta musulunta, ƙanwar kuma daga baya ta shiga coci tare da mijinta, amma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninsu ba. Duk rani Iya za ta ɗora ƙwarya a ka, cike da daddawar da ta yi da hannunta, ta kama hanya a ƙafa. In ta dawo sai an yi kwanaki ana jin labarin ƙanwar nan, har abin da akuyarta ta haifa.

Mu yara kuma lokacin ne kasuwar motocinmu ke ci. Motar kara nake nufi. A fere ɓawon kara, a yanka totuwar a haɗa jiki, a kafe da ƙayar aduwa, a goge sakaina a dutse har ta yi da'ira a sa taya. Karan da ya fi kauri kuwa yana gonar wani dattijo maƙwabcinmu, wadda ke bakin 'yar hanyar nan. Baba mai sanda muke kiransa, kuma ba a banza ba. Mutumin nan bai haɗa karansa da kowa ba. Da shi yake darni, da shi ake girki a gidansa, ko guntu ya gani a hannun yaro sai ya san daga inda ya fito. Da ya hango mu sai ka ji tsawa:

"Kai, 'ya'yan wa ke nan? Karan gonata ba na mota ba ne!"

Sai mu watse, kowa ya yi ta kansa. Wallahi har na yi wayo, in na bi ta gonarsa sai na ji ƙafata na son gudu.

Duk motar da na haɗa, ɗakin Iya nake fara kai ta. Sai ta miƙo ƙafa ta ɗora babban yatsa a kai, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai shirin tafiya. "To direba, a hankali, matar taka tsohuwa ce." Ni kuma in yi ta ruri da baki har miyau na zuba. Wata rana na ce mata in na girma zan sayi ta gaske, in ɗauke ta daga ƙofar gidan nan har ƙofar ƙanwarta. Ta ce Allah ya nuna mana, ta danƙa mini ƙuli-ƙuli.

Allah ya nuna mana, amma sai da ya jinkirta. Kafin in gama karatu in kama aikin koyarwa, gwiwoyin Iya sun ƙi. Tafiyar rani ta tsaya. Shekaru suka yi ta wucewa, ita da ƙanwarta sai saƙon gaisuwa ta bakin masu cin kasuwar Ɗanbatta. Tana ci gaba da yin daddawa tana aikawa, amma ta daina ba da labarin akuya.

A farkon wata damina na sayi motar, a hannun wani ɗan kasuwar hatsi da ya gama cin moriyarta. Kai, motar nan ta ga duniya! Launinta ya tashi daga fari bai isa ko'ina ba. Ƙofar gefen fasinja sai da igiya. In ka ɗaga kujera sai ka tarar da wake, wani har ya tsiro. Ba ta tashi sai an tura, don haka kullum a kan gangara nake ajiye ta. Na kawo ta bakin titi na ajiye ƙarƙashin wata tsamiya, na ƙarasa gida a ƙafa, don shuka ta riga ta rufe hanya. Na ce wa Iya ta yi haƙuri sai an yi girbi.

"Na jira tun kana yawo ba wando," ta ce. "Girbi ai kamar gobe ne."

Bai zama kamar gobe ba. An girbe gero, dawa ta fitar da kai amma idonta ruwa ne tukuna, sai ga saƙo ranar kasuwa. Ƙanwar Iya ta kwanta, ta daina cin abinci, ba ta kiran kowa sai yayarta. Mai saƙon bai ɓoye mana ba, ya ce in za a zo a zo.

Aka rasa yadda za a yi. Babur dai Iya ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau. Babana ya ce abu mai sauƙi, a ɗora ta a gado, samari su ɗauka zuwa titi. Iya ta dube shi, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ranar da maza za su ɗauke ni a kafaɗa tana nan zuwa," ta ce. "Ba zan fita gidan nan a kan gado da raina ba, in kai wa mara lafiya wannan fatan."

Babana ya yi lallashi, baffannina suka yi. Ni haushi ma ya kama ni, na ce mata taurin kai zai sa ta rasa ganin 'yar'uwarta. Ta juya fuska ga bango, na ga kafaɗunta na rawa. Na fita raina a jagule, ina jin haushin mota, da damina, da kaina da ban saya tun rani ba.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ji wani sauti daga wajen gonaki. Kaf. Kaf. Sautin girbi ne, amma ba lokacinsa ba ne. Muka fita ni da babana. Baba mai sanda muka tarar, ya tsufa ya ranƙwafa, magirbi a hannunsa, yana kwantar da dawar gonarsa ta bakin hanya. Ɗanyar dawa shar, wadda saura kaɗan ta zama tuwo.

Babana ya ruga. "Subhanallahi! Baba, lafiya? Ai ba ta nuna ba!"

"Na fi ka sanin dawata," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Duk wanda ya faɗo a gidana, tsohuwar nan ce ta yanke masa cibiya. Matsa mini, kana tare mini hannu."

A ƙauyenmu magana ba ta kwana a gida ɗaya, ta kan darni take tsallakawa. Kafin rana ta ɗaga, masu gonakin da ke bakin hanyar sun fito, Musulmi da masu zuwa coci, kowa ya tsaya a gaban tasa yana sare kunyoyin gefe. Ba zan ce maka kowa da daɗin rai ya yi ba. Akwai wani da ya harɗe hannu yana gunaguni, wai shi iyalinsa iska za su ci? Gaskiyarsa ce kuma, don gonarsa ƙarama ce. Sai da mahaifiyarsa ta fito da lauje za ta shiga da kanta, sannan ya karɓe ya sunkuya. Samari suka bi baya da fartanya suna baje kunya, suna shimfiɗa karan da aka sare a inda ƙasa ta yi laushi don kada taya ta nutse.

Ni ɗan manomi ne, na san abin da ke zubewa a ƙasa. Na san yadda uwa ke leƙa rumbu in damina ta yi nisa. Na tsaya ina kallo, hawaye na zuba, ban ma damu da wanda ya gani ba.

Na tafi titi da samari biyu don turi. Na murza makulli don cika al'ada kawai, sai motar nan ta tashi tashi ɗaya, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Na shigo da ita a hankali, kara na ƙara a ƙarƙashin taya, ƙanshin ɗanyen ganye ya cika ciki, yara na bin baya da ihu. Ranar ce mota ta fara tsayawa a ƙofar gidanmu da damina.

Iya ta fito surukanta na riƙe da ita, ta ɗaura zanen saƙinta na ajiya, ƙullin daddawa a hannu. Da ta iso bakin motar sai ta cire takalmi, ta yi sallama, sannan ta shiga. Na zagaya na ɗaure mata ƙofa. Ta shafa kujerar, ta dube ni.

"Ashe mijin nan da gaske kake."

Da muka zo daidai gonar Baba mai sanda, sai ya ɗaga hannu na tsaya. Gabana ya faɗi, tsohon tsoron nan ya dawo. Ya zo ya zuro wani ɗanyen kara mai kauri ta taga, ya ajiye mini a cinya.

"Ungo," ya ce. "Tun kana yaro kake neman karan gonata. Je ka yi motar."

Na buɗe baki in yi godiya. Shi kuwa bai jira ba, ya juya ya koma bakin aikinsa.

Duk hanya Iya na riƙe da igiyar ƙofa tana salati, tana yi mini faɗan gudu, alhali masu keke wuce mu suke. Muka ratsa Ɗanbatta, muka bi wani burtali da ya kai mu har ƙofar gidan kafin azahar. Matan cocinsu na zaune a tsakar gida, suka tashi suka kama Iya zuwa ɗaki. Ƙanwar tana kwance, ta rame ta ƙare. Iya ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta. Can sai ƙanwar ta buɗe ido.

"Yaya? Da ƙafa kika zo?"

"Wace ƙafa? A mota, yarinya. Mijina ne ya kawo ni."

Ƙanwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ranar ta karɓi kunu daga hannun Iya, ta ɗan kurɓa. Na bar su na fita waje, na jingina da motar, don abin da ya rage ba nawa ba ne.

Ƙanwar ba ta cika mako ba ta rasu, kanta a cinyar yayarta. Da na koma ɗauko Iya, motar ta ƙi tashi ƙememe, sai da samarin ƙauyen suka tura mu har bayan gari. Na fara zaginta, Iya ta ce, "Ƙyale ta mana. Ta yi abin da aka saye ta dominsa." Da muka yi nisa sai ta ce da hannunta ta rufe wa ƙanwarta ido, ba ta da sauran abin da take nema a duniya.

Hanyar nan ba a sake shuka ta ba. Damina ta zagayo, kowa ya ja kunyarsa baya, ba tare da an yi taro ko an roƙi kowa ba. Yau motoci da babura da masu ɗaukar taki duk ta nan suke bi. Hanyar Iya ake ce mata, kuma yawancin samarin da ke faɗin sunan ba su san wace Iya ba ce. Ita da Baba mai sanda duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya saka wa duk wanda ya ɗaga magirbi ranar nan.

Motar tana nan ƙarƙashin ɗorawar gidanmu, tayoyi sun nutse, kaji na ƙwai a kujerar baya. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi zarya har sun gaji da ni. Karan nan ma yana ciki, a gaban gilashi inda na ajiye shi, ya bushe ya yi fari.

In na tafi gida da yarana, da mun sauka daga titi nakan kashe sanyin motar, in sauke gilashi, in rage gudu har su fara ƙorafi. Su a zatonsu ramuka nake kaucewa. Ni kuwa na san a kan tuwon mutane nake tafiya.