Ranar da Katunan Yaya Sule Suka Watse

Shekara shida ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Sulaiman, wanda Hausawan Birmingham suka fi sani da Sule Mai Hotuna. Duk shekara addu'a da sadaka nake yi masa, in ja bakina in yi shiru. Bana dai shirun ya gagara, domin na yi masa ɓarna, kuma sati uku na yi ina kwana ina tashi da ita a raina.

Injiniya ne, karatu ya kawo shi jami'ar Aston da ke Birmingham. Ruwan sama ne ya fara kora shi cikin gidan adana zane-zane na tsakiyar gari, don shiga kyauta ne kuma akwai ɗumi. Ya shiga fakewa, ya fito da ciwon son zane-zane da bai warke ba har ya koma ga Allah. Duk zuwa sai ya sayi 'yan katunan nan masu hoton zane ko sassaƙa, har ya cika wani tsohon akwatin katako. Kowace Asabar yakan tara yaran mutanenmu da iyayen da suka ga dama a wani ɗaki na laburaren unguwarsu a Handsworth, ya ba su tarihin zane da sassaƙar Turawa cikin Hausa tsantsa.

Ni kam ban taɓa zama ajin ba. Ina Manchester ina fama da aikin jinya, in ya kira ni sai in tsokane shi: "Yaya, har yanzu ana hidimar gumakan?" Ya yi dariya ya ce, "Hadiza, karatu nake, ba bauta ba. Mutumin da kike zaune a garinsa, ya kamata ki san abin da idonsa ya saba gani." Ba ni kaɗai ce mai gunaguni ba, wasu a masallaci ma sun yi. Bai taɓa musu da kowa ba, kuma ko kati guda bai taɓa kafawa a bangon gidansa ba.

Bayan rasuwarsa gwamnati ta ƙara tsuke bakin aljihu. Aka rage wa laburaren kwanaki, daga baya aka garƙame ɗakin nan da kwaɗo. Watan jiya matarsa Bilkisu ta kira ni, an yanke mata tallafin haya saboda gidan yana da ɗakin da ba kowa a ciki, dole ta koma ƙaramin gida. Akwatin ba shi da wurin zama. 'Yarsu Fa'iza, wadda za ta shiga jami'a ta karanci wannan fanni na ubanta, ta roƙe ni in ajiye mata shi amana har ta samu ɗaki.

Na ɗauko shi lafiya tun daga Birmingham. Sai da na kusa ƙofata, a kan matakala, gindin akwatin ya ɓalle. Katuna ɗaruruwa suka zubo, suka bi matakala har ƙasa.

Nan take na san na yi ɓarna, don na sha jin Yaya yana cewa jerin katunan shi ne tarihin. Na juya bayansu ko zan ga lamba. Babu lamba, babu shekara, babu sunan mai zane. Ashe duk ya manne bayan da farar takarda, ya yi 'yar magana da fensir. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na baje su a kan kafet, kullum in na dawo aiki in durƙusa a kansu, ni da ban san gabas ba balle yamma.

Rubutunsa ne ya riƙa ja na. A bayan wani mutum-mutumi na Girkawa ya rubuta, "Ya tsaya ƙiƙam kamar soja." A bayan wani kuma, "Duba, ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, dutse ya fara numfashi." To, na gane sojan ne farko. Akwai masu fuskoki kamar an daɓe su, ruwan zinariya kewaye da su, na zamanin da coci ke riƙe da komai: "Babu nesa, babu kusa." Sai na Italiya: "Nan suka lura hanya takan tsuke in ta yi nisa." Na Holan sun ba ni dariya duk da halin da nake ciki: "Sun gaji da sarakuna, sun shiga kicin." Na Faransa kuwa ɗigo-ɗigon launi ne: "Kyamara ta ƙwace musu aiki, sai suka koma bin hasken rana." Da na iso na baya-bayan nan, masu ido a kunci da hanci a gefe, ko ina ne sama ban sani ba. Tuli guda ya rage da na rasa inda zan sa.

Cikin wannan fama na je gidan zane na nan Manchester, karo na farko a rayuwata. Na tarar an tare wasu ɗakuna da igiya, wai babu ma'aikatan da za su tsare su. Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce. Shi da ƙofar kyauta ta buɗe wa ido, ina tsoron ɗalibin da ruwa zai koro gobe zai tarar da ita a rufe.

Asabar da ta wuce Fa'iza ta zo. Tun kafin ta zauna na faɗa mata abin da na yi. Ta dubi kafet, ta fashe da dariya har da hawaye. "Gwaggo, ai Daddy da kansa yake shuffling ɗinsu, ya cakuɗa su every Saturday. Mu ne muke jerawa." Ta durƙusa, kafin shayi ya huce ta raba tulin nan gida-gida, ta kuma gyara min kurakurai ba adadi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na ɗauka damuwata ta ƙare, ashe sabuwa ce ta zo. Ta zaro wani kati da ya maƙale a murfin akwatin, wanda ban taɓa gani ba, hoton wata mata zaune a bakin gadon mara lafiya. Ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo. "Gwaggo, ina jin Hausa, but I can't read it. Karanta min."

Abin da ya rage na Yaya ke nan, kuma a rabe yake. Idonsa yana wurin 'yarsa, harshensa yana wurina, ni da na yi shekaru ina yi masa ba'a. Fensirin yana dusashewa, ni ma ba yarinya ba ce, kuma Asabar nawa suka rage min Allah kaɗai ya sani. Mun yi alkawari duk sati zan karanta mata abin da ke bayan katunan, ita ta rubuta. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba mu ikon gamawa.

Na karɓi katin na kai shi kusa da taga. Layi ɗaya ne: "Hadiza za ta so wannan, in ta yarda ta duba."