Sunan Ɗan Farina

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kama sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, ni kuma ban ga dalilin da zaman Ingila zai cire min kunya ba.

A Birmingham na haife shi. Ranar da naƙuda ta taso maigidana yana wurin aiki, wani tsoho ɗan Ireland da ke flat ɗin ƙasa ne ya kai ni asibiti. Ranar suna sai maigidan ya ƙara wa jaririn sunan tsohon a bayan na Musulunci. Tsohon har da hawaye. Ya ce asalin sunan na Jamusawan da ne, mayaƙa suka tsallaka da shi Ireland, ma'anarsa mashi mai ƙarfi. Na ce a raina, mashi kuma? Ana zaune ƙalau? Sunan nan kuwa shi ya bi yaron makaranta bayan mun ƙaura unguwar Gorton, kowa da shi yake kiransa ban da ni.

Ya zama saurayi, wata Asabar ya raka ni kasuwa. A tashar bas ta bakin kasuwar wasu samari suka fizge wa wata yarinya mayafi. Kafin in ce "kai", ya watsar min da tumatir ya shiga tsakaninsu. Ɗaya ya fasa masa kwalba a ka. Ya faɗi, suka rufe shi da shuri, a ciki, a baki, ina jin ƙarar takalmi a haƙarƙarinsa. Na rarumi galan ɗin manja na maka wa ɗaya a ƙeya, ina ɗura musu ashar da Hausa. Mutane suka taso, 'yan banzan suka arce.

Jininsa ya jiƙe min zane. Ma'aikaciyar ambulance ta danne raunin, ta ce kada in bari ya lumshe ido, in yi ta kiran sunansa.

"Kai! Kai, dube ni!"

Bai dube ni ba. Matar ta daka min tsawa, wai sunansa ta ce. Wallahi harshena ya yi nauyi, ga tsoro kamar raina zai fita. Na sunkuya na kwaɗa masa kira da sunan tsohon nan, a gaban duk jama'ar kasuwa.

Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya kumbura ya rufe. Da jini a haƙoransa ya ce, "Mum, ashe kin san shi."