Jattani Mai Share wa Wasu Hanyar Sama

A garinmu Gar Dima mai hankali da safe yake rashin lafiya. Filin jirginmu ba shi da fitila ko ɗaya, kuma dokar matuƙa jirgi ce, rana na faɗuwa ba sauka ba tashi. Wanda ciwo ya kayar da hantsi, Sista Kendi ta asibitin gari za ta kira Nairobi, kafin la'asar jirgin likitoci ya zo ya ɗauke shi. Wanda ya yi sakaci ya bari sai bayan magariba, sai ya rungumi addu'a har gari ya waye.

Mai kula da filin shi ne Jattani Halake. Tun gashinsa na baƙi aka ɗauke shi aikin, yanzu gemu ya yi fari har yana sa masa lalle. Yana cike ramukan da dabgi ya haƙa, yana sare ƙaya, amma babban aikin korar dabbobi ne. Burtalin da raƙuma ke bi su dawo daga kiwo ya ratsa ƙarshen filin, kuma raƙumi ba ruwansa da dokar kowa.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin nan daga garinmu, Jattani ne ya kama gefen gadon ya tura shi ciki. Masu doguwar naƙuda, waɗanda mota ta kifar, tsofaffin da fitsari ya ƙi fita. Shi kuwa lafiya ta cuce shi. Ko zazzaɓin kirki bai taɓa yi ba. Ya sha roƙon matuƙa su ɗan zaga da shi, amsar ɗaya ce: jirgin na marar lafiya ne da ɗan rakiya guda. Ba ya yi wa kowa fatan ciwo, Allah ya sani. Amma in ya rufe ƙofa a kan wani yana nishi, sai ya ce a ransa: Wannan da ko hanyar filin bai sani ba, yau zai ga Gar Dima daga sama.

Duk wannan da sauƙi, sai da Molu ya faɗa rijiya.

Molu ƙanin matarsa Talaso ne, mutumin da in ana aiki shi ne mai ba da shawara. Ranar da aka samu ya shiga layin masu miƙa guga a cikin rijiya, ya saki hannu zai gyara hula, ya gangaro ya karya ƙugu. Jirgi ya ɗauke shi. Ya dawo da sanda da ɗingishi da labarin da har yau bai ƙare ba. Ya kafa majalisa a shagon shayi, mutane suna saya masa kofi bayan kofi.

"Gajimare fa, mijin Yaya," in ji shi ranar da Jattani ya shigo, "in ka matso shi kamar kitsen tozo yake. Na so in miƙa hannu in ɗebo maka, likita ta hana."

"Wane hannu? Ni na saka ka a ciki, bakinka a wangale, ƙuda na shiga suna fita. Tun a ƙasa aka yi maka allurar barci."

"A sama na farka. Iskar can daban ce, ba za ka gane ba. Kai dai ci gaba da share mana wuri, in tafiya ta taso mu same shi tsaf."

Shago ya kwashe da dariya. Daga ranar aka laƙaba wa Molu Kyaftin, Jattani kuma ya koma shan shayi a gida. In Molu ya zo cin tuwon masara, sai ya tuna akwai rami a fili da bai cike ba.

"Abban Darmi," Talaso ta ce masa wata rana, da sunan 'yarsu ta fari take kiransa, "kishi kake da mai karyayyen ƙugu?"

"Ni? Tsoro nake kar ƙarya ta shaƙe shi a gidana, a ce ni ne."

Aka yi shekaru a haka. Sai wata rana bayan azahar kububuwa ta sari Talaso a wajen itace. Kafin a kawo ta a babur, kafin Sista Kendi ta samu jirgi, don yana can wani gari da wani marar lafiya, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Jirgin bai sauka ba sai da rana ta yi ja. Sista ta ce mutum ɗaya daga danginta zai bi ta, asibitin can ba sa karɓar marar lafiya ba nasa.

A faɗi gaskiya, hankalin Jattani na kan matarsa. Bakinsa bai daina addu'a ba. Amma a faɗi sauran gaskiyar, a cikin wannan tashin hankalin ya samu sararin sa rigarsa ta Juma'a. Ya miƙa wa Molu bulalarsa.

"Kyaftin, je ka tsare bakin burtali. Yau kai za ka share mana."

Ya shiga. Ya zauna a ƙaramar kujera kusa da kan Talaso, likitan jirgin ya ɗaure shi da bel. Kujerar ta fi laushi a kan yadda ya zata. Ga tagarsa shi kaɗai.

Matuƙiyar, wata doguwa mai guntun gashi, ta dubi gaba ta yi tsaki. Jattani ya leƙa. Garken farko ya riga ya hau fili. Molu na tsakiyarsu yana ɗingishi yana kaɗa bulala kamar mai korar sauro, wata taguwa ma ta samu wuri ta durƙusa. A bayansu ga wani garken, a bayansa ga wani.

"Baba," in ji matuƙiyar, "ka ga ranar can? In ta taɓa dutse, nan za mu kwana, da ni da kai da Mama. Ko dokar ta yafe mini, ba na tashi a inda ba na gani."

Likitan ya dubi ƙafar Talaso. Jattani ya dube ta shi ma. Baƙin da ƙafar ta yi ya wuce gwiwa.

Jattani ya ja bel ɗin, ya ƙi buɗewa. Ya sake ja. Sai da likitan ya miƙo yatsa ya ɗaga masa ƙarfen.

Wanda ya ga gudun Jattani ranar ba zai ce yana da jikoki ba. Ya fizge bulalar, ya tashi taguwar, ya zagi makiyaya da sunayen iyayensu, ya tura garken gefe. Amma raƙumin da ya jiyo kukan 'ya'yansa a gida ba a juya masa baya. Sai dai mutum ya tsaya a bakin burtali ya tare har jirgi ya tashi. Ya ga Sista Kendi ta turo babur, ya ga Molu ya hau baya sun nufi jirgin. Shi kuwa hannuwansa duka biyu na da aiki.

Jirgin ya wuce ta saman kansa da sauran haske kaɗan. Ƙasan cikinsa ya gani, kamar kullum.

Talaso ta rayu, da ƙafarta. Suka dawo a babbar mota bayan makonni. Da masu sannu suka watse, ya matso ya tambaye ta abin da ta gani.

"Rufin jirgi da hancin Molu," ta ce.

Wannan karon kuwa ba mai cewa Molu barci ya yi. Idonsa biyu, a bakin taga, a kujerar da Jattani ya ɗumama. Jattani ya daina bi ta ƙofar shagon shayi gaba ɗaya.

Wata safiya yana tura baro a fili, sai ga Molu ya ɗingiso, ba kowa tare da shi. Ya tsaya yana kallo, kamar yadda ya saba in ana aiki. Jattani ya juye ƙasa, ya daddale, ya sake juyewa. Can, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ka gan ni ranar?"

"Na gan ka. Kamar kaska a kunnen raƙumi."

"Filin fa? Yaya yake daga can?"

Molu ya buɗe baki zai fara irin nasa, sai ya dubi fuskar mijin yayarsa ya fasa. "Yana da kyau. Fes da shi. Sai dai fararen duwatsun da ka jera a gefe sun ɗan karkace ta wajen rijiya."

"Ƙarya kake."

"To."

Molu ya tafi shan shayi. Jattani ya tsaya ya daɗe, ya rufe ido ɗaya yana auna layin. Daga ƙasa a miƙe yake sambal. Ya ja tsaki, ya juya baron ya nufi wajen rijiya.