Tukku Tara na Tutai

A tsibirin Mauke, duk yaron da za a yi wa bikin askin fari sai ya bi ta hannun Mama Upokoina. Shekara talatin tana ɗaure gashin 'ya'yan mutane tukku-tukku da ƙyallaye, kowane ɗan'uwa ya zo ya yanke guda ya ajiye. Ga ta da baki, babu uwar da ba ta yi wa gorin ƙazanta ba.

Jikanta Tutai kuwa, tun da ubansa ya tafi ƙwadago Auckland ya bar mata shi, almakashi bai taɓa kansa ba. Shekara takwas tana shafe gashin da man kwakwa har ya sauko gadon baya, tana jiran uban ya dawo ya yanke rabonsa.

Sai makero ya kama yaron. Da kakar ta kai shi asibiti, nas ta buɗa gashin ta ce, "Mama, cuta biyu ce. Mai ɓawon nan makero ne, ga ƙwayar maganinsa. Wuraren da suka yi sumul kamar bayan cokali kuwa, ba ni da maganinsu. Bari in rage gashin in ga abin da nake yi."

"Ki rage? Kafin biki? Ke wa ya raine ki?"

Ta ja jikanta, ta bar ƙwayar a kan tebur. A gida ta ƙara mai, ta tamke kitso a kan gyambon don kada maƙwabta su gani. Kunya ce ta ci ta, ba rashin so ba. Kan ya yi ruwa, inda ya bushe ya zama tabo, gashi kuma yana ta bin mataji.

Ranar biki dangi saba'in suka cika rumfa, ita kuwa da ƙyar ta haɗa tukku tara sirara. Dattawa suka yanke takwas, kowa idonsa a ƙasa. Uban, da ya dawo don bikin, ya matso da almakashi, Mama Upokoina ta ɗaga masa na ƙarshen, sai tukkun ya biyo hannunta da ƙyallensa, tun daga saiwa.

Tutai bai ma ji ba. Yana sunkuye ya ce, "Baba, ka yanka mana, wuyana ya gaji."