Ramukan da Babana Ya Zana

Na bar gida a Kano tun kafin kiran assalatu, da jakar kaya da na'urar ɗaukar hoton takardu a cikin kwali. Marigayi babana safiyo ne. A zamaninsa ya zana taswirar ramukan da aka haƙi farar ƙasa a yankin Nguru da Gashuwa, masu hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda aka daina aiki a cikinsu tun ina goye. Da na ji an fara yanka filaye a wajen, na ɗauki hutu don in kwashe taswirorin a kwamfuta kafin su salwanta.

Hanyar Nguru

Muka bi ta Haɗeja a wata tsohuwar mota Sharon. A shingen da ke gaba da Birniwa jami'i ya sa na buɗe kwalin. Na ce masa injin hoton takardu ne, direba ya ƙara da cewa ni malamar makaranta ce, jami'in ya ɗaga mana hannu. Mun shiga Nguru rana ta take.

Nguru

A ofishin da babana ya yi aiki, sai da aka nemo mai makulli daga kasuwa. Da ya buɗe sito na leƙa ciki. Kwanon rufin ya yi yoyo, gara ta gina gida a jikin kabad, taswirori suna zube a ƙasa tare da fatattakakkun kujeru. Wata taswirar ma an toshe tagar da ta fashe da ita. Na gane rubutun babana a kusurwarta, ruwa ya wanke rabi. Na tambayi shugaban wajen yadda aka yi haka, ya ce shi ma haka ya tarar, ya ci gaba da latsa wayarsa.

Na durƙusa na ɗauki hoton abin da ya rage har la'asar. Ta Gashuwa ce babu. Mai makulli ya ce wani Alhaji Modu ya are ta tuntuni. Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin filaye. Na kwana gidan wata ƙawata, aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, na kasa ci sosai.

Gashuwa

Da safe na hau motar Gashuwa, cike da buhunan tattasai, muna ta atishawa. Kawu ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka soya mini kifi. Ina ambatar taswira fuskarsa ta canza. Da farko ya ce ta ɓace. Can kuma ya ce ramukan sun cike da kansu, in aka baza wannan takarda ba mai sake sayen fili a wajen, shi kuma da mutuncinsa a gari.

Na ce, "Kawu, mutane ne fa za su kwanta a kai da 'ya'yansu."

Ya ce, "Ke 'yar nan, kwana ɗaya za ki yi ki tafi. Mu ne a garin."

Matarsa, Iya Falmata, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan, ta shiga ɗakinsa, ta fito da taswirar a naɗe, ta shimfiɗa mini a kan tabarma a gabansa. Ta ce, "Alhaji, ƙanina Bukar a nan ka sayar masa, kuma ginin ya kai linta. Ɗauki hotonki, 'yata."

Kawu ya saka takalmi ya fice. Na ɗauki hoton. Ta nuna mini inda filin Bukar yake, wata hanyar rami ta ratsa ta gefensa.

Da yamma na buga kwafi a wani shago, na kai wa mai unguwa ɗaya, Bukar ɗaya. Bukar ya sallami magina nan take, ya zauna a kan bulo ya dafe kai. Mai unguwa ya ce zai kai maganar gaba. Ban ga alamar gaggawa a tare da shi ba.

Komawa

Washegari Kawu bai amsa sallamata ba. Motarmu ta bi ta gefen filayen, na ga maƙwabtan Bukar suna ta kwaɓa siminti, wata mata da goyo tana ɗebo musu ruwa. Na leƙa ta taga ina kiransu, direba ya ce in gyara zama, ba tasha ba ce.

Na iso Kano bayan magariba, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Iya Falmata, wadda ta san abin da zai biyo baya a gidanta kuma ta yi. Taswirar yanzu tana wayar duk wanda na sani a Gashuwa. Wanda ya sake yanka fili a wajen, yana sane ya yanka.